Matar da ta shirya zakaran Mr. Olympia, da aikin mai horar da masu gina jiki

A watan Oktoban 2024, a birnin Las Vegas na Amurka, Samson Dauda, haifaffen Legas da ke zaune a Birtaniya, ya lashe Mr. Olympia, gasar da ta fi kowace girma a wajen masu gina jiki. Ya tafi gida da dala 600,000. Rabon da wani daga Birtaniya ya ɗauki wannan kambu tun Dorian Yates a 1997. Amma abin da ya fi jan hankalin masu bibiyar harkar shi ne wadda ta shirya shi. Watanni kaɗan kafin gasar ya raba gari da fitaccen mai horarwa Milos Sarcev, sai matarsa Marlena ta karɓi ragama.

Wanda bai san sana'ar ba zai yi mamaki. To amma mai horar da irin waɗannan 'yan wasa, babban jarinsa ido ne. Shirin gasa kan ɗauki makonni 12 zuwa 16, kuma a tsawon lokacin ɗan wasa kan hau sikeli da sassafe kafin ya karya, ya ɗauki hoton jikinsa gaba da baya, ya aika. Daga nan mai horarwa zai yanke hukunci: a rage shinkafa, a ƙara tafiya a kan na'ura, ko a ba jiki hutu don barci ya yi ƙaranci. Burin shi ne kitse ya narke ba tare da tsoka ta zube ba. Mutum biyu masu nauyi ɗaya ba sa amsa abinci ɗaya iri ɗaya, don haka wadda ke ganin jikin kullum, ta san abin da ya shiga tukunya, tana da fifikon da mai kallon hoto daga wata nahiya ba shi da shi.

Makon ƙarshe shi ne mai wuya. Ana loda wa jiki shinkafa da dankali don tsoka ta cika, kasancewar kowane giram na sukarin da tsoka ke adanawa yana riƙe ruwa kusan giram uku. A lokaci guda ana wasa da ruwan sha da gishiri don fata ta manne. In an yi kuskure kaɗan, wahalar wata huɗu ta tafi a banza a gaban alƙalai.

In kuskuren babba ne kuwa, rai ake magana. A 1992 Mohammed Benaziza ya rasu jim kaɗan bayan wata gasa a ƙasar Holan, mutuwar da aka danganta da magungunan sa fitsari da ake sha don busar da jiki. Irin waɗannan magunguna kan rikita gishirin jini har bugun zuciya ya ɓaci. Allurorin ƙara tsoka kuma, waɗanda ba a cika son ambatonsu a fili ba, suna taɓa hanta, su hau da jini, su kumbura zuciya.

Wannan ya shafi ma'aikacin Abuja da ke biyawa gidan motsa jiki bayan tashi daga ofis, ya fara sha'awar hawa dandali. Instagram cike yake da masu tallar kansu a matsayin koci, kuma wasunsu takarda ɗaya suke tura wa duk wanda ya biya, suna kawai ake sauyawa. A ganina, kafin a cire ko sisi daga albashi, a lura da abin da kocin ya fara tambaya. Ya nemi sakamakon gwajin jini da na ƙoda? Ya tambayi ko akwai hawan jini a gida? Ya san kana azumi, kana wuni a zaune kan kujera, wani lokaci maigida ya riƙe ka a taro har dare? Wanda ya fara da ambaton allura tun bai ga hotonka ba, a bar shi da takardarsa.