Hanyoyin Da Mai Sana'a Zai Bi Ya Ci Gaba A Wurin Aiki

Jama'a, da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu suna barin ƙauye su tafi Kaduna neman aiki. Wani bakanike ne, wani kafinta, wani mai walda, wata kuma tela. Sai ka ga mutum ya shekara goma yana aiki, hannunsa ya faɗa sosai, amma albashinsa yana nan inda yake. Yaron da ya koya wa riƙon sifana shi ne za a ɗora a kansa. Sau da yawa dalilin ba ya wuce takardar shaida. Yaron yana da ita, shi ba shi da ita.

Idan ka ƙetare kogin Kaduna ka yi kudu, za ka tarar da Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa. Nan ne unguwannin ma'aikata. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, irin su Arewa Textiles da UNTL. Kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a nan a 1975. A wancan zamani kamfani da kansa yake horar da ma'aikaci. Yaro zai shiga yana share auduga, a koya masa tuƙa inji, in ya yi ƙwazo a tura shi kwas, ya dawo a ba shi shugabancin sashe.

Akwai wanda kowa ya san labarinsa. Adams Oshiomhole ya fara ne a matsayin ƙaramin ma'aikaci a Arewa Textiles. Ya shiga harkar ƙungiyar ƙwadago, ya tafi ƙaro ilmi a Kwalejin Ruskin da ke Ingila a 1975. A 1999 ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, a 2008 kuma gwamnan Jihar Edo. Ba kowa ne zai zama gwamna ba, amma a lura, sai da ya koma aji.

To, wannan hanya ta cikin masaƙa ta toshe. KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta da tsadar man injuna da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Dubban magidanta suka rasa aiki. Wanda ya san lantarki ko gyaran inji, kuma yana da takarda a hannu, yana da abin da zai nuna a wani wuri. Wanda iyakar saninsa inji ɗaya ne, shi ya fi shan wuya. Yanzu mai son ci gaba shi zai tashi ya nema da ƙafarsa.

Hanya mafi kusa ga mai sana'ar hannu ita ce jarrabawar gwajin sana'a, wadda ma'aikata ke kira tired tes. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke shirya ta. Mataki uku gare ta. Ana farawa daga aji na 3, sai na 2, sai na 1 wanda shi ne babba. Kada lambar ta ruɗe ka, a nan ƙaramar lamba ita ce gaba. Ba a tambayar digiri. Aikin da kake yi kullum shi za a sa ka yi a gaban mai dubawa, a kuma yi maka tambayoyi a kansa. Wannan takarda tana da amfani wajen neman aikin gwamnati ko na kamfani, da wajen neman ƙarin girma.

Akwai kuma wani tsari na baya-bayan nan da ake kira NSQ. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, watau NBTE, ita ke kula da shi. An kafa hukumar a 1977, kuma hedkwatarta a Kaduna take. Abin da ya burge ni da wannan tsari shi ne yana lissafa abin da mutum ya koya a gareji ko a shagon maigidansa. Mai tantancewa zai duba aikinka, in ka cika sharuɗɗa a ba ka shaidar matakin da ka kai. Shekarun da ka yi a ƙarƙashin mota ba su tafi a banza ba ke nan.

Shi kuwa wanda ke aiki a kamfani, ga wani abu da ya kamata ya sani. Gwamnati ta kafa asusun horar da ma'aikata, watau ITF, a 1971. Doka ta ce manyan kamfanoni su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashin da suke biya a shekara cikin asusun. Kamfanin da ya horar da ma'aikatansa yana iya neman a mayar masa da wani kaso na kuɗin. Saboda haka idan ka je wurin manaja ka ce a tura ka kwas, ba bara kake yi ba. Ga wanda bai da sana'a tukuna, hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda aka kafa a 1986, tana haɗa matasa da masu sana'a su koya a wurinsu.

Kafin ka biya ko sisi, nemi wanda ya riga ka a wannan sana'a ka zauna da shi. A birni har akwai masu karɓar kuɗi don ba da irin wannan shawara, amma tsohon ma'aikacin masaƙa da ke zaune a unguwarku yana iya ba ka ita kyauta. Mai shawara na ƙwarai zai fara da tambayarka abin da ka iya, da inda kake son kaiwa nan da shekara uku, sannan ya gaya maka takardar da ta rage maka. Wanda ya fara da maganar kuɗi, ya kuma ce aiki yana jiranka, yi hankali da shi. Haka nan mai cewa zai kawo maka takardar gwajin sana'a har gida ba tare da ka zauna jarrabawa ba. Ranar da aka bincika aka gano ta jabu ce, aikin zai tafi, wataƙila har da zuwa kotu.

Duk waɗannan hanyoyi sai da cike fom, da karanta awo a jikin tef, da sa hannu. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya ci gaba da zuwa ajin yaƙi da jahilci kafin lokacin jarrabawa. Ranar zuwa ofis kuma ka tafi da katin shaidarka, da ƙananan hotuna, da wasiƙa daga maigidan da ya koya maka sana'a, wadda ta faɗi shekarun da ka yi a wurinsa. Duk kuɗin da ka biya, ka karɓi rasit.