DANDALIN RUMAWA NA EL JEM: ISHARA GA GIDAN TARIHI NA JOS

A ƙasar Tunisiya, can hayin Sahara, akwai wani gari da ake kira El Jem, inda har yau wani ƙasaitaccen dandalin kallo da Rumawa suka gina wajen shekarar 238 Miladiyya yake tsaye. Arzikin garin a wancan zamani man zaitun ne. Da wannan arziki aka sassaƙa duwatsu, aka ta da gini mai siffar ƙwai, tsawonsa mita 148, faɗinsa mita 122, yana cin 'yan kallo kamar 35,000.

Wasan da ake yi ciki kuwa ba irin kokawarmu ba ne, wadda wanda aka kayar yakan tashi ya karkaɗe jikinsa. Bayi da fursunoni ake gwarawa da takubba, ko kuwa a sako musu namun daji daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, jama'a suna sowa.

Abin lura shi ne, ruwa da iska ba su yi wa ginin ɓarnar da ɗan Adam ya yi masa ba. A 1695 Muhammadu Bey na Tunis ya sa aka buɗe masa wuta da igwa, don fitar da 'yan tawayen da suka fake ciki. Mutanen gari kuma suka riƙa kwasar duwatsunsa suna gina gidaje. A 1979 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya.

To, mu namu gadon na ƙasa ne da azara. A harabar Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, an kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, watau aikin Babban Gwani Mika'ilu, a ƙarƙashin jagorancin Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini mutumin Polan. Ginin ƙasa kuwa, balle a garin ruwa kamar Jos, ba ya jure sakaci; sai da yaɓe kafin kowace damina, sai kuma da magina waɗanda suka san tubali da makuba.

In har dutse bai tsira ba, ina ga ƙasa? Lalle ya kamata hukuma ta ware kuɗin gyara, ta kuma sa tsofaffin magina su koya wa matasa sana'ar tun suna raye. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.