Rangwamen haraji don 'ya'ya: wa ke ci, wa ke biya?

Duk ma'aikacin da ke karɓar albashi a Damagaram, malamin makaranta ne a Birni ko injiniya a matatar mai ta SORAZ, ya san kafin kuɗi su iso hannunsa an riga an cire lanho. Abin da ba kowa ke lura da shi a takardar albashi ba shi ne gurbin da ake rubuta yawan mutanen da yake ciyarwa. Kundin harajin Nijar na 2012 ya tanadi ragi ga mai iyali: kashi 5 cikin ɗari idan mutum ɗaya ne a wuyansa, yana hawa har ya kai kashi 30 ga mai mutum bakwai. Daga nan ƙofa ta rufe, ko da gidan ya cika da yara.

Niyyar mai kyau ce. Gwauro da mai 'ya'ya shida ba cefane ɗaya suke yi a kasuwar Dole ba, ko albashinsu ya zo daidai. Sai dai kuɗin da gwamnati ta yafe kuɗi ne da ta kashe, bambancin kawai ba a ga fitarsu daga baitulmali ba. Idan za a gina aji a Mirriya, sai an rubuta shi a kasafi, a yi ta ja-in-ja. Rangwame kuwa, da zarar ya shiga doka, shekara bayan shekara yake tafiya shiru. Shi ya sa ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta buƙaci ƙasashenta su riƙa ƙididdige harajin da suke yafewa. Ƙungiyar na son kowace ƙasa ta tara harajin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na arzikin da take samarwa, Nijar kuma da sauranta nesa.

To, wa ke cin moriyar? Tunda ragin kaso ne, wanda harajinsa ya fi nauyi shi ya fi samun sauƙi. A kundin na 2012, harajin albashi yana farawa daga kashi 1 ya ƙare a kashi 35, don haka ɗan babban darakta ya fi ɗan masinja tsada a wurin gwamnati, alhali kanwar ja ce, cikinsu ɗaya. Faransa, wadda ta kafa nata tsarin rangwamen iyali a 1945, ta ga wannan matsala har ta sa iyaka ga abin da kowane yaro zai iya rage wa mahaifinsa.

Babban giɓin ma ba a nan yake ba. Binciken lafiya na 2012 ya nuna mace a jihar Zinder na haihuwar 'ya'ya 8.5 a matsakaici, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya. Akasarin yaran nan 'ya'yan manoma ne da makiyaya da 'yan tireda, a Magarya da Matamaye da Tanut, inda uba bai taɓa riƙe takardar albashi ba. Babu harajin albashi a kansa, saboda haka babu abin da za a rage masa. Amma idan ya sayi katin waya ko sabulu yana biyan harajin saye, wanda ba ya tambayar yawan bakunan da ke gida.