Tallar Gida-Gida A Ikko: Littafin Bashi Ne Jarin Ɗan Koli

IKKO — Tun kafin gari ya gama wayewa, a unguwannin Agege da Idi-Araba inda Hausawa suka daɗe da kafa zango a birnin Ikko, za ka tarar da samari da magidanta suna ɗaure jakunkunan haja: atamfa da shadda, turare, agogo, takalma da sauran kayan koli. Ba su da shago, ba su da rumfa a kasuwa. Ƙofar gidajen jama'a ita ce kasuwarsu, kuma abin da kowannensu zai kai wa iyali da dare ya dogara ne ga yawan ƙofofin da aka buɗe masa.

Masu wannan sana'a sun kasu kashi uku. Akwai mai ɗan jarinsa, wanda kan sauka kasuwar Balogun ko Idumota ya saro kaya da kuɗinsa. Akwai yaron ubangida, wanda ake ɗora wa kaya bisa amana, ya dawo da uwar kuɗi ya riƙe abin da ya hau. Sai kuma wakilin kamfani, mai tallar fitilu masu aiki da hasken rana, ko kayan kwalliya, ko inshora, wanda galibi ba shi da tsayayyen albashi sai la'ada. Sunayensu sun bambanta, amma wahalarsu iri ɗaya ce.

Abu na farko da sabon shiga kan koya shi ne haɗiye wulakanci. A unguwannin masu hali da aka kewaye da katanga, maigadi ne mai yanke hukunci, don haka ɗan talla mai wayo kan fara kyautata wa maigadi kafin ya nemi ganin matar gida. A gidajen haya na talakawa kuwa ƙofa a buɗe take, amma sai ya zazzage jaka, a ɗaga wannan a shinshina wancan, a yi tayin da bai kai kuɗin sari ba, sannan a ce ya dawo ƙarshen wata. Dole ya mayar da kayansa yana murmushi, domin wadda ta ƙi saye yau ita ce za ta nuna masa ƙofar maƙwabciya gobe. Haka nan dole ya san lokaci: ma'aikata ba sa gida sai yamma ko ranar Asabar, aljihu kan yi nauyi ne a makon albashi, ciniki kuma kan buɗe gab da Sallah da Kirsimeti. Da damina, ruwan sama na yini guda ya isa ya cinye masa cinikin ranar.

To sai dai kuma duk wanda ya daɗe a harkar ya san cewa sayarwa ce ɓangare mai sauƙi. Abin da ke sa matar gida ta sayi turmin atamfa a hannun ɗan talla, alhali ta san ya fi araha a Balogun, shi ne za ta biya kaɗan-kaɗan. Ke nan hajarsa ta ainihi ita ce bashi, kuma ɗan littafin da yake rubuta sunaye da ranakun biya shi ne dukiyarsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun farkon ƙarni na 20 fataken Ijesha, daga yankin Ilesha da ke Jihar Osun ta yanzu, suka yi suna wajen bin garuruwa da ƙauyukan Yarabawa suna sayar da tufafi bashi. Ana kiran su Osomalo, sunan da ya samo asali daga al'adarsu ta tsugunawa a ƙofar wanda suke bi, su ƙi zama, su ƙi tafiya, har sai an biya su. A Arewa kuwa dillaliya ce ta riƙe wannan matsayi, tana shiga gidajen matan kulle da zannuwa da kwanuka da sarƙoƙi, tana karɓar kuɗi a hankali, sau da yawa ranar da aka kwashi adashi. Dukansu sun cike giɓin da banki bai taɓa cikewa ba, wato rancen ɗan ƙaramin kuɗi ba tare da jingina ba, bisa sanin mutum da gidansa.

Wannan tsari ne hauhawar farashi ta yi wa illa. Bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na shekarar 2024, wanda ke nufin ƙarin kusan kashi takwas cikin 100 a kowane wata uku. Mu ɗauki misali don a ga lissafin. A ce ɗan talla ya saro turmi goma a kan N20,000 kowane, ya bayar da su bashi na wata uku a kan N24,000. A takarda ribarsa N40,000 ce. Amma ranar da ya koma sari, turmin ya koma kimanin N21,550, wato N215,500 na goma. Idan mutum ɗaya kacal cikin goman ya tashi daga gidan haya bai bar adireshi ba, abin da ya shigo hannunsa N216,000 ne. Ribar wata uku ta koma N500, tun ba a cire kuɗin mota da na abinci ba. Saurin hauhawar ya ragu daga baya, amma raguwar sauri ba ta mayar da jarin da ya riga ya narke.

Bugu da ƙari, zirga-zirgar kanta ta yi tsada. A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, abin da ya mayar da mai jaka kan ƙafarsa a lungunan da mota ba ta shiga. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa kusan N500, kuɗin mota ya bi sahu. Tun kafin nan, ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon shekarar ya tilasta wa 'yan talla buɗe asusun banki da karɓar kuɗi ta waya. Hakan ya rage musu fargabar yawo da kuɗi a aljihu, amma ya kawo sabuwar damuwa, wato saƙon banki na jabu.

Masu basira cikinsu sun sauya salo. Sun rage wa'adin bashi, suna neman a ba da wani abu a hannu kafin su ajiye kaya, sabon mai saye kuma sai tsohon abokin ciniki ya tsaya masa. Da yawa kan aika hotunan sabuwar haja ta WhatsApp, ba sa ɗaukar hanya sai an nuna sha'awa.

Akwai darasi a nan ga iyayen gida da kamfanonin da ke dogaro da waɗannan bayin Allah. Wanda ya ɗora wa yaronsa kaya, ya kuma bar masa kuɗin mota da asarar bashi shi kaɗai, to ya shirya rasa yaron, ko ya rasa kayan. Biyan la'ada a kan lokaci, ɗaukar wani kaso na kuɗin sufuri, da duba littafin bashi tare da shi duk mako, sun fi sauƙi a kan neman sabon yaro. Ɗan tallar da ya ajiye jaka yakan tafi da sanin wace ƙofa ce ke biya da wadda ba ta biya, kuma kafin magajinsa ya koyi wannan, ubangida ne zai biya kuɗin karatun.