Maganin Ɗigon Ido Da Ƙwayoyin Cuta Masu Taurin Kai

Maigida da uwargida, ku saurara. Sau da yawa ƙwayoyin cuta ne ke sa ido ya yi ja, ya riƙa fid da kwantsa. Ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. A 1928 wani Bature, Alexander Fleming, ya gano penisilin mai kashe su. Amma a 1945 shi da kansa ya yi gargaɗi: in aka ba su maganin da bai isa ya kashe su ba, sai su saba da shi.

Ga yadda abin yake. Likita ya ce a ɗiga magani kwana bakwai. A kwana na uku ido ya washe, sai a ajiye kwalba. To, raunanan ƙwayoyi ne suka mutu. Masu ƙarfi suna nan, za su hayayyafa, kuma in ciwo ya dawo maganin nan ba lalle ya ci su ba. Watau mai ciwo ya horar da abokin gabansa da hannunsa.

Kwalbar ma tana iya ɗaukar cuta. A 2023 a Amurka, wani ruwan ɗigon ido da ya gurɓace ya harbi mutum 81 da ƙwayar da magunguna da yawa suka kasa. Huɗu suka mutu, huɗu aka cire musu ido. Saboda haka ku wanke hannu da sabulu kafin ku ɗiga. Kada bakin kwalba ya taɓa ido ko yatsa. Kada ku ara wa maƙwabci, kome zumunci. Kwalbar da ta yi mako huɗu da buɗewa, a yar da ita. Kada ku sayi ɗigon ido a kasuwa ba da takardar likita ba.

Wanda aka yi wa aikin yanar ido shi ya fi kowa bukatar tsaro, gama an yanka idon, ƙofa a buɗe take. Kada ya murza shi, kada a sa masa kwalli, ko nono, ko ruwan ganye. Tsummansa na shafe fuska nasa ne shi kaɗai. In ido ya soma zogi, ko ya ƙara ja, ko gani ya dushe, lalle a kai shi asibiti ran nan, kada a jira ranar kasuwa. Cutar da ta shiga cikin ƙwayar ido tana iya makantarwa cikin kwana biyu ko uku.