Rana, wagashi da haƙoran yara

A Paraku da Jugu, idan yaro ya kwana yana kukan ciwon haƙori, akan ce tsutsa ce ta shige shi. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ramin da ake gani aikin ƙwayoyin cuta ne, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Suna zaune a cikin dattin da ke manne wa haƙora. Duk lokacin da yaro ya sha alawa, ko lemun kwalba, ko koko mai sukari da yawa, su ma sun samu abinci. Sai su ci sukarin, su fitar da wani ruwa mai tsami. Wannan tsami shi ke cin haƙori kaɗan-kaɗan har ya yi kogo. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 514 ne ke da irin wannan rami a haƙoransu na farko.

Amma yara biyu za su sha alawa iri ɗaya, haƙorin ɗaya ya riga na ɗayan lalacewa. Wani lokaci dalilin yana cikin yadda aka gina haƙorin tun farko.

Kowane haƙori yana da farin ɓawo a bayansa. Da Faransanci ana ce masa « émail ». Babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, ko da ƙashi ne. Jiki yana gina shi da wani sinadari mai suna kalsiyom, wanda ake samu a abinci. Sai dai kalsiyom ba ya ratsa hanji ya shiga jini da kyau sai da taimakon bitamin D. Bitamin D kamar ɗan dako yake a kasuwar Arzeke ta Paraku. In babu ɗan dako, kaya na nan jibge a ƙasa. In kuwa babu kaya, ɗan dako ya koma hannu banza.

Wata masaniya ƴar Ingila, May Mellanby, tana cikin waɗanda suka fara lura da haka. Ta fara da nazarin haƙoran karnuka. A shekarar 1928 ta bayyana abin da ta gani ga yaran wani asibiti a birnin Shefild: waɗanda aka ƙara wa bitamin D a abinci, ruɓewar haƙoransu ta ragu.

A Ingila rana kan yi ƙaranci da damunar sanyi. A arewacin Benin kuwa ba a sayen rana. Idan haskenta ya taɓa fata, fata da kanta take yin bitamin D. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara, amma yaron da ke zuwa lakwal a ƙafa, yana wasa a fili, galibi yana samun abin da ya ishe shi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Ana kuma samun bitamin D a gwaiduwar ƙwai da kifin sardin.

Abin da ya fi ƙaranci a wannan yanki shi ne kayan da ɗan dakon zai ɗauka. A shekarar 1999, likitoci a Jos ta Nijeriya sun duba yara masu gwamen ƙafa. Sun tarar yawancinsu ba rana suka rasa ba, kalsiyom ne ya yi musu kaɗan a abinci. Tuwon masara da sakwarar doya suna cika ciki, amma kalsiyom ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ga shi kuwa maganin yana kan tiren matan Fulani: nono, kindirmo da wagashi, cukun nan da suke daskarar da shi da tumfafiya. Miyar kuka da zogale su ma suna da shi. Haka ƙananan busassun kifi, idan an daka su da ƙayarsu.

Ginin haƙori yana farawa da wuri. Haƙoran farko guda 20 ne, kuma tun jariri yana ciki suke fara yin tauri. Saboda haka abincin mai ciki da fitarta rana sun shafi haƙoran ɗanta. Na manya guda 32 ne. Huɗu daga cikinsu, turame ne da ke fitowa can ƙurya idan yaro ya kai shekara 6, wato lokacin da yake aji CI ko CP. Ba sa jiran wani haƙori ya faɗi, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaukarsu na famfara. Kuskure ne mai tsada. Turmin nan idan ya ruɓe aka cire shi, wani ba ya tsirowa a gurbinsa.

Ɓawo mai ƙarfi ma tsami yana cinsa idan sukari ya kwana a baki. Don haka ake goge haƙora da safe da kuma kafin barci, da buroshi da man goge baki mai « fluor ». Asuwaki ma yana cire datti, idan an bi kowane haƙori har na ƙurya. Ramin da ya riga ya buɗe kuwa, rana ko nono ba sa toshe shi. Da zarar an ga baƙin ɗigo, ko ruwan sanyi ya fara sa yaro zabura, sai a kai shi wurin likitan haƙori tun kumatu bai kumbura ba.