Menahem Pressler: Mai Fiyanon Da Ya Fi Ba Kunne Aiki

A watan Yulin 1955 makaɗa uku suka hau dandamali a bikin kiɗa na Tanglewood da ke Amurka. Daniel Guilet na riƙe da ƙaramin goge irin na Turawa, Bernard Greenhouse ya jingina babban goge mai kaurin murya tsakanin gwiwoyinsa, sai wani ɗan gajeren mutum a gaban fiyano. Sunan ƙungiyar Beaux Arts Trio. Masu gogen sun yi ta sauyawa, wannan ya tafi wancan ya zo, amma mai fiyanon, Menahem Pressler, bai bar kujerarsa ba sai da ƙungiyar ta yi sallama da duniya a 2008, bayan shekara 53.

An haife shi a Magdeburg ta Jamus a 1923, a gidan Yahudawa masu sayar da tufafi. A Nuwamban 1938, daren da 'yan Nazi suka far wa Yahudawa a faɗin ƙasar, aka ragargaza kantinsu. Shekara ta zagayo suka tsere ta Italiya zuwa Falasɗinu. Kakanninsa da wasu dangi da suka rage a baya ba su tsira ba.

A 1946 ya ci gasar Debussy a San Faransisko, nan da nan ƙungiyar makaɗan Filadelfiya ta gayyace shi. Hanyar shahara shi kaɗai ta buɗe masa, amma ya zaɓi ya raba dandamali da mutum biyu, kuma a nan ne gwanintarsa ta fi fitowa fili.

Irin wannan kiɗa na mutum uku ba shi da shugaba mai kaɗa sanda. Kowa da nasa layin, kuma da ido da numfashi ake daidaita lokacin shiga. Fiyano yana da maɓalli 88 da ƙarfin da zai iya danne goge biyu ba tare da mai shi ya ankara ba. Ga wata matsalar: mai goge na iya jan sauti ya ƙara masa ƙarfi yadda ya so, shi kuwa fiyano da zarar guduma ta bugi tsirkiya sautin ya fara mutuwa ke nan. Aikin mai fiyano shi ne ya sa wannan akwatin katako da ƙarfe ya yi waƙa tare da abokansa. Duk wanda ya kalli bidiyon Pressler zai ga yadda yake juya kai yana bin masu goge da kallo, fuskarsa na sauyawa da kowace jimla, hannuwansa na tafiya kamar ba da saninsa ba. Da wannan kunne suka naɗi dukkan kiɗan mutum uku na Haydn a kamfanin Philips, har da na Mozart da Beethoven da Schubert, kuma har yau da faifansu ake auna na wasu.

A wannan shekara ta 1955 ya fara koyarwa a Jami'ar Indiyana da ke Bloomington, ya kuma riƙe aikin fiye da shekara 60. An san shi da tsanani: yakan tsayar da ɗalibi a kan 'yar gajeriyar jimla, a yi ta maimaitawa har sautin ya yi laushi ya kuma isa bayan zaure. Ɗalibansa da dama sun zama malamai a makarantun kiɗa na ƙasashe daban-daban.

Da ƙungiyar ta watse yana da shekara 84, mutane sun ɗauka hutu zai yi. Sai ya koma kiɗa shi kaɗai. A 2014, yana da shekara 90, ya yi wasansa na farko da babbar ƙungiyar makaɗan Balin, a ƙasar da ta kore shi yana yaro, aka kuma sake kiran sa bikin jajibirin sabuwar shekara, inda ya kaɗa Mozart tare da shugaba mai kaɗa sanda Simon Rattle. Ya rasu a Landan ranar 6 ga Mayun 2023 yana da shekara 99.